Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kasuwar Kauɗa

Shekara uku cur na'urar busar da tumatir tana yashe a bayan sashenmu na jami'a, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ƙadangaru na shan hantsi a kanta. Da ita na samu digirin dakta, a kanta na rubuta maƙala huɗu, da maƙalun aka yi mini ƙarin girma. Daga nan babu wanda ya sake waiwayarta, har da ni. Akwati ne na ƙarfe mai rufin roba garai-garai, da farantan raga a jere a ciki, da 'yar fanka mai aiki da sola. A zuba yankakken tumatir, rana ta dumama iskar ciki, fanka ta kore danshi, kwana biyu a kwashe kauɗa ja jawur, ba yashi ba kashin awaki. Wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Kano a watan Fabrairu ko Maris ya san kishiyarta: tumatir shanye a ƙasa a bakin kwalta, tirela na wucewa tana yi masa turare da hayaƙi.

Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ne ya tuna mini da ita. Tun 14 ga Fabrairu muke zaune a gida, ba mu koma aji ba sai tsakiyar Oktoba, albashi kuma a riƙe. Ana cikin wannan zaman wani abokin aiki ya turo mini sanarwa ta WhatsApp, wai wata gidauniya ta Turai tana neman malaman jami'a masu binciken da za a iya mayarwa sana'a. Gaskiya ɗaya ce, ba tausayin manoma ne ya sa na buɗe ba. Gani na yi an rubuta kuɗin da Yuro, ni kuwa a lokacin mai shagon unguwarmu ya fara gaishe ni da wata irin murya.

Tallafin da muka saba da shi daban ne. Irin na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, wanda ake tara wa kuɗi daga harajin da kamfanoni ke biya, ka rubuta buƙata, in an ba ka ka yi bincike, ka kai rahoto da maƙala, ka fita haƙƙi. Waɗannan kuwa suka ce ba maƙala suke so ba. So suke cikin wata 18 a ga kamfani mai rajista yana sayar da wani abu, cinikinsa na amfanar talaka, ba ya cutar ma'aikaci, ba ya ɓata muhalli. Na ce a raina ai ta kwana gidan sauƙi. Na'ura tana nan, sai a buga ta da yawa a sayar wa manoma.

Matakin farko shafi biyu ne kacal. Na cika su da ma'aunin zafi da saurin iska da jadawali, kamar mai amsa tambayar farfesoshi. Kafin in tura na miƙa wa maiɗakina, wadda malamar firamare ce amma tana sarin atamfa tana bayarwa bashi. Ta karanta a tsanake ta ajiye.

"Malam, na ga duk yadda abin yake aiki. Wurin da ban gani ba shi ne inda aka ce ga wanda zai zaro kuɗinsa ya saya."

Na ce manoma mana. Ta ce, "Wane daga ciki? Ka tambaye shi?" Ban ji daɗi ba, na dai ƙara layi biyu a kan asarar da manoma ke yi lokacin kakar tumatir na tura. Ashe tambayarta ce za ta bi ni har ƙarshe.

Aka zaɓe mu zuwa horo na kwana biyar a Abuja. Akwai mai sarrafa ɓawon rogo ya zama abincin kaji, akwai wata likitar dabbobi mai akwatin ajiye rigakafi, akwai mai gawayin buntun shinkafa. Kowa da allon bayaninsa, kowa yana jin nasa ya fi. Matar da ke jagorantar horon ta bar mu muka gama baje koli, sannan ta ba mu aikin gida: kowa ya je ya zanta da mutum 50 cikin waɗanda yake zaton za su sayi kayansa. Sharaɗi ɗaya ne, kada ka nuna musu abin da ka ƙera, kada ma ka ambace shi sai a ƙarshen hira. Ka tambaye su yadda suke yi yanzu, nawa suke kashewa, me ke hana su barci.

Misalan da ta kawo duk na gida ne, shi ya sa suka zauna mini. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ake ajiye wake ba tare da an barbaɗa masa guba ba, binciken jami'ar Purdue ce ta Amurka, an kuma soma aikin ne a arewacin Kamaru tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Dabarar ta daɗe a hannun masana. Ba ta shiga ƙauye sosai ba sai da gidauniyar Bill da Melinda Gates ta sa kuɗi a 2007, aka samu masana'anta a Kano tana bugawa, aka samu 'yan kasuwa masu kai shi kasuwannin ƙauye, aka riƙa ɗaure buhu a bainar jama'a a dawo bayan watanni a kwance kowa ya gani da idonsa. Ta kuma kawo Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha ta Dutse, mai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don sanyaya kayan lambu, wanda ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000. Ta ce mu lura, ba ƙarfe ya shigo da shi daga waje ba, maginan tukwane na gari ya ba aiki. Ni da nake da buhun PICS biyu a ɗakin ajiyata, ban taɓa tunanin yadda ya iso ni ba.

Na ɗauki wani tsohon ɗalibina, ɗan manomi ne daga yankin Ɗanja, muka shiga gari. Kura, Kadawa, kasuwar Kwanar Gafan, da wasu fadamu na Katsina da Kaduna. A nan na sha kunyar da ban sha ba a gaban kwamitin kare digiri.

Wani dattijo da muka samu a bakin gonarsa, cikin filayen da ke shan ruwan madatsar Tiga, ya amsa duk tambayoyina cikin haƙuri. Da na zo ƙarshe na nuna masa hoton na'urar a waya. Ya ƙura mata ido.

"Ranka ya daɗe, kwando nawa take ci?"

Na ce uku, a kwana biyu.

Bai yi dariya ba, ɗalibina ne ya sunkuyar da kai. Dattijon ya ce, "Ranar da kasuwa ta faɗi, motocin Legas ba su yi lodi ba, kwando arba'in nake rasa yadda zan yi da shi. Kuma ni ba ajiya nake so ba. Mai taki yana bina, mai fetur ɗin injin ban ruwa yana bina, yaran da suka yi tsinka suna tsaye. Kuɗi nake so yau, ko nawa ne." Ya ba ni labarin 2016, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki, shekarar da kamfanin tumatir na Dangote ya buɗe a Kadawa. Ya ce tun daga lokacin ya daina sa rai da kowa, in ya ga farashi ya sallama.

Hira bayan hira magana ɗaya ce. Manomi ba ya yin kauɗa don sha'awa, sai abin da ya rasa mai saye, galibi wanda ya fashe ko ya fara laushi. Yankan kuma ba shi ke yi ba, mata ne da 'yan mata, ana biyansu a kan kwando, wuƙa a hannu tun hantsi har la'asar, ruwan tumatir na cin yatsunsu. Riba kuwa tana wajen mutum na uku, mai jarin da zai saye kauɗa a Maris lokacin da take banza, ya jibge a sito, ya fito da ita Yuni ko Yuli sa'ad da ɗanyen tumatir ya zama sai wane da wane. Cikin mutum 50, waɗanda suka ce za su sayi na'urata biyu ne, kuma ina kyautata zaton kara suka yi mini.

Ɗalibin nan ne ya faɗi abin da na kasa faɗa. Muna cin tsire a Kura ya ce, "Malam, mu daina tunanin sayar da injin. Mu yi babba a wuri ɗaya, mu sayi tumatir a hannun manoma, matan nan su yi aiki a inuwa a biya su da kyau, mu ajiye, mu sayar da damina." Wato abin da na yi shekara huɗu ina ƙerawa ya koma ɗaya daga cikin kayan aiki, kamar wuƙa da baho. Na kwana biyu ina jin zafin abin, sannan na zauna na yi lissafi. Tumatir kusan kashi 94 zuwa 95 cikin ɗari ruwa ne, don haka kilo 100 na ɗanye da ƙyar ya ba ka kilo 6 ko 7 na busasshe. Duk wanda bai riƙe wannan lissafin ba zai ɗauka ciniki yake, alhali ruwa yake saye yana ba rana.

Gabatarwar ƙarshe ta intanet aka yi, minti biyar. Na je ofishin wani aboki mai janareta don kada wuta ta ba ni kunya. Alƙalai huɗu ne, babu wanda ya tambaye ni zafin cikin na'ura. Ɗaya ta ce nawa mace za ta samu a yini, kuma da me na kwatanta. Wani ya ce in tallafi ya ƙare wa zai biya kuɗin sayen tumatir na kaka ta gaba. Na ƙarshe ya ce, wannan fasahar ta wace ce, taka ko ta jami'a? Na ce tawa ce mana. Ya yi murmushi ya ce in je in bincika.

Bayan sati uku saƙo ya zo an ɗauke mu. Na yi sujada. Da na san abin da ke gaba da na ƙara da addu'ar haƙuri.

Na bincika kuwa. Lauyar jami'a ta buɗe mini dokar mallakar fasaha ta 1970, ta nuna mini inda aka ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira cikin aikin da aka ɗauke shi, haƙƙin na wanda ya ɗauke shi ne. Da ƙarfen jami'a na ƙera, a ɗakin gwajinta, ina cin albashinta. Na ce to a nema mana takardar mallaka ta hanyar NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da harkar fasaha, tunda suna taimaka wa masu bincike a kan haka. Ta tambaye ni ko na taɓa wallafa bayanin na'urar. Na ce sau huɗu, har da zane, ina faɗa ina alfahari. Ta ce, "Dakta, ai ka riga ka yi sadaka da ita." Sharaɗin takardar shi ne abu ya zama sabo, wanda ba a taɓa bayyana wa duniya ba, ni kuwa da hannuna na baza shi a mujallu don neman ƙarin girma. Fiye da shekara goma ina koyarwa, babu wanda ya taɓa ce mini a nemi takarda kafin a wallafa. Tsarin da ke auna malami da yawan maƙalunsa shi ne ke hana shi mallakar abin da ya ƙera, kuma har yau ƙananan malamai suna faɗawa wannan rami.

Sai na biyu. Kundin tsarin mulki, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma. Na yi ƙoƙarin cewa kauɗa ai ƙanwar noma ce, lauya ta ce kada in jawo wa kaina. Zan iya riƙe hannun jari, zan iya ba da shawarar fasaha da izinin jami'a, amma ba zan zama manaja ba. Haka ɗalibina, yaron da na taɓa kora daga aji saboda makara, ya zama shugaban kamfani, ni kuma mai ba shi shawara. Har yau in muna gaban baƙi ya ce "Malam ne mai abin," in ce "a'a, ga mai sa hannu nan."

A wajen rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, muka tarar doka ba ta da wani gurbi na musamman ga kamfanin da ke neman riba da amfanin jama'a lokaci guda. Ko ka yi na hannun jari kamar kowa, ko ka yi wanda ba a raba riba, wanda sai da amincewar Antoni Janar na tarayya, ko ka yi ƙungiyar amintattu. Muka ɗauki na hannun jari, muka rubuta manufarmu cikin takardun kafa shi. Aka yanka kaso huɗu: na jami'a, nawa, na ɗalibina, da na ƙungiyar matan da za su yi aiki, wadda muka taimaka ta yi rajistar gama kai a jiha. Wannan na ƙarshe sharaɗin gidauniya ne, kuma na yarda da shi tun kafin su gama faɗa.

Bayyana wa matan shi ne aiki. Shugabarsu wata Hajiya ce da ta haura sittin, uwar adashen unguwarsu, ba ta yi boko ba amma ban taɓa ganin ta yi kuskuren lissafi ba. Na yi ta zagaye-zagaye a kan ma'anar hannun jari. Ta saurara har na gaji.

"Ɗan nan, tsaya in faɗa maka abin da na gane. Zubi ne, sai dai ba a san ranar kwasa ba."

Na ce haka ne, Hajiya.

"To mun karɓa, Allah ya sa albarka. Amma kuɗin yini, a yini."

Duk wannan kafin ko sisi ya shigo. Yarjejeniya ta tafi Turai ta dawo, ta shiga wani ofishi ta kwana sati biyar a kan tebur saboda mai sa hannu ya yi tafiya, ta fito aka ce lambar asusu ba ita ba ce. Mun tsara fara aiki a Janairun 2023 don mu riski kaka. Janairu ta wuce, Fabrairu ta zo da canjin takardun Naira, mutane na kwana a layin banki, tumatir na ruɓewa a kasuwa don babu tsabar kuɗin saye. Ban taɓa ganin arha irin ta wannan lokacin ba, ina tsaye hannu rabbana. Kason farko ya faɗo a Afrilu, lokacin da zafi ya gama da gonaki. Na rubuta wa jami'ar gidauniya cewa tumatir ba ya jiran sa hannu. Ta amsa cikin ladabi cewa ta fahimta, amma agogon wata 18 ya fara bugawa daga ranar da kuɗi suka shiga.

Aka canza kuɗin zuwa Naira ranar da suka iso. Kafin mu kashe kuma sai an kawo takardar farashi daga wurin mutum uku a kan kowane babban saye. Mai waldan da na yarda da aikinsa ba shi da takarda mai tambari, ba shi da lambar haraji, sunansa ma da fenti yake a jikin ƙofar shago. Muna wannan fafutuka aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, tsakiyar Yuni aka saki Naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 750, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Robar rufi da ragar da ba ta tsatsa da farantan sola duk daga waje suke zuwa. Rumfunan shanya huɗu muka rubuta a kasafi, biyu muka iya ginawa. Kaso na biyu da ya zo, shi kuma ya kumbura a Naira, amma ba dama ka taɓa rarar sai ka nemi izinin sauya kasafi, wani wata guda ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani, sai dai wani askin da tsinken tsintsiya ake sa ka yi.

Ba zan ɗora musu duka ba. Da muka fara shirin neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wani da ya san aikin ya zo ya duba ɗakin da muke niyyar ƙulla kaya, ya nuna mana babu silin, babu raga a taga, wurin wanke hannu yana waje, buhuna a ƙasa ba katako. Ni mai koyar da tsaftar sarrafa abinci. Gyaran ya ci kuɗin da ban sa a kasafi ba, saboda duk hankalina yana kan na'ura.

Kakar 2024 ce ta farko da muka yi aiki na gaske, da mata 14. Rasit ya zama wani babi. Mai binciken kuɗi yana son shaidar kowane kwando, manomi kuwa a bakin gona yake sayarwa, cinikin baki da baki, "albarka" da "na sallama". Muka buga littafi mai kwafi biyu, ana rubuta suna da adadi a dangwala yatsa. Wasu suka ƙi, suna tsoron haraji ne ko wata rajistar siyasa. Sai da mai unguwa ya dangwala nasa a gaban jama'a sannan aka saki jiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar yara. Cikin takardun da muka sa wa hannu akwai cewa ba za a sa wanda bai kai shekara 18 aiki ba. Na sa hannu ban ko tsaya tunani ba. Ranar farko kusan kowace mace ta zo da 'yarta, wata da biyu, saboda a kan kwando ake biya, hannu da yawa kuɗi da yawa, haka aka gada. Da ɗalibina ya ce yara su koma gida, wuri ya yi tsit. Wata ta ce, "To in ba ta taya ni a nan ba, talla za ta ɗauka. Wanne ya fi, tana gabana ko tana tasha?" Ba ni da amsa, har yanzu ma ba ni da cikakkiya. Mata biyu suka daina zuwa. Abin da muka iya shi ne muka bar biyan kwando muka koma biyan yini, muka ƙera abin yanka na hannu mai wuƙaƙe a jere don aiki ya yi sauri, muka tsayar da tashi kafin la'asar. Kuɗin aikinmu ya ƙaru, kauɗarmu ta fi ta kasuwa tsada tun kafin ta bar rumfa. Ina ganin gidauniya ta yi daidai da ta kafa sharaɗin. Inda ta gaza shi ne ba ta tambayi wa zai biya kuɗinsa ba, kuma fom ɗin rahotonta yana da gurbin "mata nawa suka samu aiki" amma ba shi da gurbin "yara nawa suka koma talla". Na rubuta musu hakan a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe.

Sai kasuwa ta yi mana nata. Muka kai samfur wajen masu sayar da kayan miya, wata ta juya ledar ta shinshina ta ce, "Wannan an sa masa kala." Jan da na yi shekaru ina alfahari da shi a maƙala, shi ya zama abin zargi, don ido ya saba da kauɗa mai duhu. Dillalai kuma suka ce su da buhu da tiya suke awo, ba ruwansu da tsafta, farashi ɗaya ne. Hajiya ce ta fitar da mu. Ta ce a daina bin 'yan kasuwa, a bi masu tukunya. Ta sa aka jiƙa tamu da ta kasuwa a roba biyu a gaban wata mai tuwo-tuwo, aka tsiyaye ruwan. Ƙasan ɗaya yashi ne kwance, ɗaya kuwa fes. Matar ta ce ita abin da ke cinye mata lokaci ke nan, wanki uku kafin ta kai markaɗe, kuma duk da haka wani lokaci mai ci ya tauna tsakuwa ya yi mata tijara. A ranar ta sayi na sati.

Daga masu abinci muka samu wata makarantar kwana, daga nan matan ma'aikata a cikin gari. Sannan Mayu da Yunin 2024 suka zo da tsadar tumatir da kowa ya shaida, har magidanta suka koma miyar karas da gwanda. Abin da muka ajiye ya ƙare cikin sati shida. A rahoto na rubuta cewa dabararmu ta yi aiki, amma tsakanina da Allah rabin nasarar sharon ce da tsadar sufuri suka ba mu. Da rumfuna huɗun nan muka gina, da labarin ya fi haka.

Tallafi ya ƙare a Oktoba. Aka turo mai bincike ya kwana uku yana lissafa dangwalen yatsu, ya tafi da tambaya ɗaya a kan kuɗin wani buhun gishiri. Suka aiko takardar yabo, suka sa hoton matan a shafinsu. Ribar da ta rage bayan an cire komai ba ta taka kara ta karya ba. Da aka kai wa ƙungiya kasonta, Hajiya ta ƙirga sau biyu ta ce, "Ashe dai akwai ranar kwasa."

Yanzu ga Janairu ta kama, tumatir ya fara ja a fadama, tambayar alƙalin nan ta dawo: wa zai biya kuɗin saye? Rumfuna suna nan, lambar NAFDAC ta fito, masu saye suna kira, amma jarin da za a zuba a Fabrairu a jira shi har Yuni babu. Ɗalibina ya zaga bankuna. Masu ruwa suna maganar kusan kashi 30 cikin ɗari, ga kuma abin da addini ya ce a kai. Marasa ruwa suna son jingina, mu kuwa filin aro ne. Jami'a ta ce ita kasonta na fasaha ne, ba na kuɗi ba.

Ranar Talata Hajiya ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure da mata biyar. Ta ce sun yi shawara, kwasar adashe ta wata uku masu zuwa za su ba kamfani, a sayi tumatir, in an sayar da damina a mayar musu da uwar kuɗi, riba kuma a raba yadda aka yi yarjejeniya, in faɗuwa ce a ɗauka tare. Na fara godiya ta ɗaga hannu.

"Ba mu gama ba, ɗan nan. Za a rubuta, da Hausa, kwafi biyu. Liman zai shaida. Kowane kwando da aka saya, wannan yarinyar za ta gani a littafi duk Juma'a, ita ta yi sakandare. Kuma kai ma za ka dangwala, ba wannan zanen da kuke yi da biro ba."

Na ce yaushe ne wa'adin kawo takardar. Ta ce Asabar, kafin azahar, don tumatir ba ya jira.